Yadda ake haɗa kayan gudu da kuɗi kaɗan, daga takalmi har gorar ruwa

Duk wanda ya fara fita gudun safe, kafin ya cika sati biyu za a fara cika masa kunne da lissafin kaya. Wannan ya ce sai ka sayi agogon da ke ƙirga bugun zuciya, wancan ya ce takalminka ba na gudu ba ne, ka buɗe Instagram kuma ka ga mutane sun sha ado tun daga hula har safa kamar masu zuwa ɗaurin aure, sai ka ji gabaɗaya abin ya fita ranka tunda albashin ma da ƙyar yake kai ashirin ga wata. To gaskiyar magana abu ɗaya ne tak ya cancanci ka zuba masa kuɗi, shi ne takalmi. Sauran kusan duk suna cikin ɗakinka ko a kicin, ko kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: kar ka sayi komai tukuna

E, haka na ce. Ka yi sati uku ko huɗu kana fita da kambas ɗin da kake da shi, tafiya da sauri haɗe da 'yar sassarfa, minti ashirin zuwa talatin. Dalili kuwa mutane da yawa sukan kashe kuɗi a satin farko da zafin nama, sati na uku sanyin asuba ya kayar da su, takalmin ya koma na zuwa kasuwa. In ka wuce wata guda kana fita to ka san da gaske kake, kuma a lokacin ka san inda kake gudun, kwalta ce ko burji ko filin ƙasa irin na makaranta, ka san kilomita nawa kake yi a sati. Da wannan bayanin za ka shiga kasuwa.

Mataki na biyu: auna ƙafarka da santimita

Wannan shi ne abin da ke cin kuɗin mutane ba su sani ba. Lambar takalmi ba ɗaya ba ce, akwai ta Ingila, akwai ta Amurka, akwai ta Turai irin su 42 da 43 da muka saba, kuma 43 na wannan kamfani ba lallai ya zo daidai da 43 na wancan ba. Amma in ka ɗaga harshen takalmin ka duba 'yar takardar da ke liƙe a ciki za ka ga wata lamba da aka rubuta CM ko JP a samanta, wannan tsawo ne a santimita, ita ce ba ta cika yaudara ba.

Samo farar takarda ka ajiye a ƙasa jikin bango, ka sa safar da za ka riƙa gudu da ita, ka taka dunduniyarka na taɓa bango, wani ya ja maka layi a ƙarshen yatsan da ya fi tsawo. Ka yi da yamma don ƙafa tana ɗan kumbura in an wuni a kanta, kuma haka take kumbura in ana gudu. Ka auna duka biyun don sau da yawa ɗaya ta ɗara ɗaya, ka ɗauki babbar, sannan ka ƙara santimita ɗaya ko ɗaya da rabi. Wato in ka sa takalmin ka miƙe tsaye ya zama akwai filin faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsunka da bakin takalmin. Takalmin da ya kama ka cif kamar na zuwa ofis shi ne zai baƙanta maka farce ya sa ka sake sayen wani.

Mataki na uku: san abin da kake nema kafin mai shago ya zaɓa maka

Ba kowane kambas ne na gudu ba ko da an rubuta Nike ɓaro-ɓaro a jikinsa. Air Force 1, Jordan, All Star, Vans, Stan Smith, duk waɗannan na gayu ne ko na wani wasan daban, ga nauyi ga tauri. Waɗanda aka yi don gudun yau da kullum su ne irin su Nike Pegasus, Asics Cumulus da Nimbus, Brooks Ghost, Saucony Ride, New Balance 880, Adidas Supernova, Mizuno Wave Rider. Ka rubuta sunayen a wayarka. Wani abin daɗi, a kasuwanninmu Brooks da Saucony da Mizuno ba su da farin jini wajen samari don ba su san su ba, kowa Nike da Adidas yake nema, saboda haka sau da yawa sai ka same su da sauƙi fiye da wanda bai kai su inganci ba, kuma masu yin jabu ma ba su cika wahalar da kansu a kansu ba. 'Yan uwanmu na Nijar kuma kayan Faransa na shigo musu, in kun ga Kalenji ko Kiprun na kamfanin Decathlon ku duba shi da kyau, ba shi da tsada tun asali kuma yana aiki.

Sai maganar takalman nan masu farantin kabon a ciki, irin wanda ɗan tseren Kenya Eliud Kipchoge ya sa a birnin Biyana a 2019 ya yi gudun fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Alphafly 3 na Nike, ɗaya daga cikin irinsu, dala 285 aka sa masa da ya fito, Pegasus 41 kuma dala 140, ka ga ninki biyu ke nan, kuma mai tsadar ya fi saurin mutuwa don an yi shi ne saboda ranar gasa. Kai da kake zagaya Filin Sukuwa ko Murtala Square don rage tumbi da kiyaye hawan jini ba abin da zai ƙara maka. In ka gan shi a gwanjo ma ka wuce, wanda ya sayar da shi ya riga ya shanye romon.

Mataki na huɗu: shiga gwanjo, amma da ido a buɗe

Nan ne ainihin inda ake rage kuɗi, nan ne kuma ake tafka asara, don haka bari in daɗe a nan. A Kano Ƙofar Wambai ce cibiya, Kaduna akwai Kasuwar Barci, Jos akwai Katako, Abuja mutane na zuwa Karmo, in kana Legas kuma Katangowa ko Yaba. Galibin kayan ta Kwatano da Lome suke biyowa shi ya sa da sefa ko dala ta motsa sai ka ji farashi ya motsa. Ka samu mutum ɗaya mai takalma ka saba da shi, ka ba shi lambar santimitarka da sunayen nan, ka ce in an fasa dila ya kira ka. Ranar fasa dila da sassafe ake samun na kirki, da yamma kuma ake samun ragi amma an riga an tsince. Ka guji satin sallah da lokacin komawa makaranta da lokacin da masu bautar ƙasa ke shirin shiga sansani, kambas na tashi a lokutan nan.

Kar hasken takalmin ya ruɗe ka. Masu gwanjo sun iya wanki, a goge da buroshi a shafa farin fenti a gefen tafin a cusa takarda a ciki ya miƙe, ka rantse daga kwali aka ciro shi. Abin da ke mutuwa a takalmin gudu ba ya ganuwa daga nesa, shi ne soson nan mai kauri da ke tsakanin ƙafarka da robar ƙasa. Kamar katifa yake, in ya kwanta ya kwanta ko da zanin gadon sabo ne. Yawanci ana ƙiyasta takalmin gudu yana ɗaukar kilomita 500 zuwa 800 kafin soson ya gaji, kai kuma aikinka ka gano nawa Baturen da ya riga ka ya ci ya bar maka.

Ga yadda za ka bincika, ka yi a gabansa ba kunya, kuɗinka ne. Fara da ɗora takalmin a kan benci ko wani wuri mai tauri da ya daidaita, ka tsuguna ka kalle shi ta baya, in ya karkata gefe ɗaya ajiye shi. Juya ƙasansa ka duba robar, musamman wajen dunduniya ta waje da ƙarƙashin yatsu, in zanen ya shafe ya yi sumul ko har soson ya fara leƙowa to ya ci hanya. Sannan ka duba gefen soson, in ka ga layi-layi masu zurfi kamar tamoji a fuska waɗanda ba sa komawa, ya kwanta. Zare shimfiɗar ciki ka danna da babban yatsa daga ciki, mai rai zai ɗan nutse ya dawo, matacce kuwa ko ya yi tauri kamar katako ko ya lotse ya zauna. Ita ma shimfiɗar ka kalle ta, in sawun yatsun mai shi ya fito raɗau har ya huda to an sha gudu da shi. Matsa bayan dunduniya da yatsu biyu, ya kamata ya yi ƙarfi, kuma ka shafa cikinsa ka ji ko yadin ya yage don wannan yagewar ita ke sa bororo. Ka lanƙwasa shi ka ɗan murɗa ka bi gefe-gefe da ido ko gam ya fara saki.

Abu biyu da mutane ke mantawa. Na ɗaya, duba takardar harshe ta ƙafar dama da ta hagu duka, a dila ana haɗa ƙafa da ƙafa masu kama da juna, sai ka je gida ka tarar ɗaya 27 ɗaya 28. Na biyu, a jikin wannan takardar Nike da Adidas suna buga watan da shekarar da aka yi takalmin. Takalmi na iya zama ba a taɓa taka shi ba amma ya shekara takwas a sito, gam ɗinsa ya bushe, wani irin soson ma marmashewa yake, ka fita da shi rana ɗaya tafin ya rabu da kai a titi. Ni dai in ya wuce shekara huɗu zuwa biyar ba na saye sai in kuɗin ya yi ƙasa sosai.

In ya tsallake duk wannan sai ka sa duka ƙafa biyu da safarka, ka ɗaure igiya, ka ɗan yi tsalle ka yi 'yar sassarfa a layin, masu shago za su yi maka dariya su ce Alhaji yau gasar a nan za a yi? ka ce musu e. In ka ji yana matsa ka ko kaɗan kar ka yarda da zancen zai buɗe, takalmin gudu ba fata ba ne.

Wajen ciniki kuma kar ka nuna wanda ka ƙwallafa rai a kai. Ware guda uku, tambayi kuɗin kowanne, ka fara taya wanda ba ka so, in ya ce albarka sai ka gangaro kan naka kamar dole ce ta sa. Duk aibin da ka gano ka faɗa da baki, maigida dubi nan robar ta fara ci, dubi shekarar. In bai sallama ba ka yi sallama ka taka, rabin lokaci zai kira ka.

Mataki na biyar: in sabo kake so

Sabo ma akwai dabara. Kamfanonin nan kusan duk shekara suke fitar da sabon samfuri su ƙara lamba, Pegasus tun 1983 ake yin sa, 40 ya fito a 2023, 41 a 2024, kuma da sabo ya fito sai na bara ya faɗi ƙasa alhali bambancinsu bai taka kara ya karya ba. Saboda haka kullum ka nemi na bara ko na bara waccan, kuma ka ɗauki kalar da ba a so, ruwan ɗorawa mai kashe ido ko wani kore shar, ƙurar hunturu za ta mai da su duka kala ɗaya cikin sati. In kana da ɗan uwa mai dawowa daga Ingila ko Amurka ko Dubai ka tura masa suna da santimita ya duba shagunan rangwame, musamman ƙarshen Nuwamba lokacin Black Friday da bayan Kirsimeti. Ka ce ya yar da kwalin don kaya su yi sauƙi.

Matsalar sabo a nan gida jabu ne. In an ce maka sabon Pegasus dal a kwali kuma kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na farashinsa na dala ba, ba sai an kira malami ba. Akwai lambar samfuri a takardar harshe, ta Nike haruffa da lambobi shida ne sai ɗan layi sai lamba uku, ta Adidas guda shida ce, ka buga ta a Google ka gani ko hoton da zai fito shi ne takalmin da ke hannunka har kala. Masu wayo suna kwafar lambar daidai, don haka ka haɗa da hanci da hannu, warin gam mai hawa kai, ɗinki a karkace, nauyi fiye da kima tunda na gaske yawanci giram 250 zuwa 300 ne ƙafa ɗaya. In a intanet ka gani, Jiji ne ko Facebook ko wani mai talla a WhatsApp, ka nemi hoton ƙasan takalmin da na takardar ciki, kuma kar ka tura kuɗi sai kaya sun zo hannunka ka gwada.

Lissafin da nake so ka riƙa yi shi ne na kilomita, ba na ranar saye ba. Misali kawai, a ce jabu naira 20,000 ya yi maka kilomita 150 ya baje, kowace kilomita ta ci sama da naira 130 ke nan ban da ciwon gwiwa. Gwanjo mai kyau a ce 30,000 da sauran kilomita 500 a jikinsa, naira 60 ke nan. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Mataki na shida: riga, wando, safa

Nan ba sai an daɗe ba. Abin da ake gudu shi ne auduga zalla don tana shan gumi ta yi nauyi ta riƙa gurzar fata. Rigar ƙwallon da kake da ita ta Arsenal ko ta Kano Pillars roba ce irin wadda ake so, ta isa. In za ka ƙara, a tarin rigunan gwanjo akwai waɗanda aka raba wa Turawa a wajen gasa, za ka ga an rubuta sunan wani gari da 10K, wato kilomita goma, a jiki, masu sayarwa ba su ɗauke su da daraja ba kuma su ne asalin rigunan gudu. Biyu sun isa, yadin na bushewa cikin awa kaɗan. Wando ka nemi mara nauyi mai aljihun zif wanda ya rufe gwiwa, ka huta da kallon unguwa.

Safa ce kawai zan ce kar ka yi mata rowa, ƙafa biyu ko uku na roba masu ɗan kauri a dunduniya, sababbi. Man hana gurzewa da ake tallatawa kuwa Vaseline na gida na yin aikinsa, shafa a cinya da hammata da kan nono in za ka yi nisa.

'Yan uwa mata, ku naku abu biyu ne ba ɗaya ba, takalmi da rigar mama ta motsa jiki mai kamawa sosai, ita ma gara sabuwa don robar gwanjo ta riga ta saki. Hijabin wasanni na kamfani kuwa ba dole ba ne, ki sayi yadi mara nauyi mai ɗan talewa a Kantin Kwari ki kai wa tela ya ɗinka miki ƙarami mai kama fuska wanda ba ya buƙatar fil, da doguwar riga mai tsaga a gefe zuwa gwiwa a kan wando, kuɗin hijabi ɗaya na kanti zai yi miki kala uku.

Mataki na bakwai: agogo da su ruwa

Wayarka ta riga ta iya abin da agogon zai yi. Manhajojin waya irin su Strava da Nike Run Club da Adidas Running duk ana amfani da su kyauta, kuma GPS ba ya cin data, kana iya kashe data ka yi gudunka in ka dawo ka kunna ya hau. A Strava akwai inda za ka sa sunan takalminka ya riƙa tara maka kilomitar da ya yi, ka yi wannan tun ranar farko. In unguwarku ana fizgen waya ka bar ta a gida, ka auna hanyar sau ɗaya ka san tsawonta, daga nan ƙaramin agogon Casio mai ƙirga mintocin gudu ya wadatar. Agogon gudu irin su Garmin ko Coros sai ka shekara kana gudu kuma kana shirin wata gasa kamar ta Legas da ake yi a Fabrairu tun 2016 ko ta Okpekpe mai kilomita 10 a jihar Edo, a nan ne za ka san me kake nema a jikinsa, kuma ko a lokacin na gwanjo ya isa in batirinsa na riƙe caji.

Masu fita bayan sallar asuba da sauran duhu, ku sayi rigar nan mai ƙyalli ta leburorin titi, ba ta da tsada, kuma ku bi gefen hagu kuna fuskantar motoci.

Gudun da bai kai awa ɗaya ba ruwa kawai yake so, tsohuwar gorar lemo ta isa. In ya haura awa ɗaya da rabi ne ake buƙatar ɗan abin zaƙi a hanya, kuma 'yar ledar da 'yan gasa ke tsotsa sikarin da ke cikinta bai wuce giram 20 zuwa 25 ba, dabino uku ko huɗu ke nan, ko ayaba guda. Lokacin zafin Maris da Afrilu da gumi ke zuba ka haɗa ruwan gishiri da sikari irin na asibiti, lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sikari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko ka sayi na leda a kemis. In kana da hawan jini ko ciwon suga ka tambayi likitanka kafin ka mai da shi al'ada. Ka dawo gida kuma ga ƙosai da koko, ga ƙwai, ga awara, ga fura da nono, ba ruwanka da garin gina jiki na gwangwani mai tsada.

Mataki na takwas: sa takalmin ya daɗe

Na gudu na gudu ne kawai, kar ka je kasuwa da shi, kar ka buga ƙwallo da shi, kar ka ara wa ƙaninka, kowane taku daga cikin kilomitar nan yake fita. Kwance igiya kafin ka cire, masu taka dunduniya da ɗaya ƙafar su zare su ne ke karya bayan takalmi. In ya yi datti cire shimfiɗa da igiya ka wanke da tsohon buroshin haƙori da sabulu kaɗan da ruwan sanyi, kar ka jiƙa shi ya kwana a omo. Shanya a inuwa inda iska ke bi, ka cusa tsohuwar jarida a ciki ta tsotse ruwan, da damina ka canja jaridar sau biyu. Ranar Kano ta tsakar rana da kan kwanon ɗaki da but ɗin mota duk suna narkar da gam su ƙanƙance soso. In kana da zaɓi ka fi yawaita gudu a filin ƙasa, kwalta ta fi cin roba.

Shumeka na iya liƙe tafin da ya fara ɗagawa, yana iya ɗinke ragar sama in ta huje wajen ɗan yatsa, yana iya sa 'yar fata a cikin dunduniya, duk wannan ka kai da wuri tun ɓarnar tana ƙarama. Amma ka hana shi ɗinke tafin zagaye da zaren nan mai kauri ta cikin soso, kuma kar ya liƙa maka taya a ƙasa, nauyi zai ƙaru takun ya canja. Ranar da ka fara jin ƙwauri ko gwiwa ko tafin ƙafa na ciwo a hanyar da ka saba bi lafiya, ka duba Strava ka ga kilomita nawa ya yi, in ya kai to ya koma na zuwa masallaci da cefane. Mai yin kilomita 20 a sati zai cinye 600 cikin wata bakwai, don haka tun ranar da ka sayi wannan ka raba kuɗinsa gida bakwai ka riƙa jefa kashi ɗaya a asusu ko adashe duk wata, kuma ka fara leƙa wajen mutuminka na gwanjo tun a wata na biyar, lokacin da ba ka cikin matsuwa kuma kana iya cewa a'a ka tafi.